Hoton Agusta Mara Girgije

Akwai masu digiri a garin Jos waɗanda in ka sauke su bayan Rayfield ka ce su nuna maka gabas, sai sun zaro waya daga aljihu. Sufeto Gyang ba irinsu ba ne. Takardar firamare kaɗai gare shi, ita ma da ƙyar aka samu, don rabin lokacin makarantar yana bakin rami yana taya uwarsa wankin kuza. Daga nan ya shiga aikin ɗan sanda yana kurtu, ya shekara talatin da huɗu yana taka ƙasar nan da tafin ƙafarsa.

An harbe shi a cinya. An rotsa masa kai da dutse a Laranto. An cinna wa motar sintiri wuta yana ciki, ya fito ta taga da rabin gashin baki. Yara biyar da ya koya wa ɗaura bel sun zama ogoginsa, biyu daga ciki ma da shi aka kai su kabari. Shi kuwa yana nan daram, saura wata huɗu ya ajiye kaki, kuma har yau sufeto ne, don masu ƙarin girma takarda suke dubawa, ba tabo ba.

Da safiyar wata Litinin ta watan Agusta, ana yayyafi mai ratsa ƙashi, aka bugo waya caji ofis aka ce mata masu noman dankali sun ga gawa a bakin Lamba Tara.

Lamba Tara tsohon ramin kuza ne da Turawa suka haƙa suka tafi suka bari, ruwa ya cika shi ya zama tafki. Gyang bai nemi kwatance ba. A nan ya koyi iyo.

Gawar tana kife, rabi a ruwa rabi a laka. Namiji ne, bai wuce shekara arba'in ba, da rigar ruwa da takalmin roba. Katin da ke aljihunsa ya ce sunansa Dakta Datong, malami a wata jami'a mai zaman kanta da ke gefen gari.

"Oga, santsi ne ya kwashe shi," in ji Saja Chima, abokin aikinsa.

"Santsi? Duba ƙeyarsa. Wannan sara ne. Nuna mini dutse ɗaya a bakin nan da zai sare mutum haka. Duk laka ce."

A wuyan mamacin akwai wata koriyar igiya mai faɗi, irin wadda ake rataya abu. Ƙugiyar ƙarfen da ke bakinta ta buɗe, an fizge abin da take riƙe da shi. Gyang ya cire igiyar ya sa a leda.

Wata tsohuwa tana tsaye gefe, ta lulluɓa da buhun taki saboda ruwa. Ngo Hosana ke nan, shugabar matan da ke noma a kewayen tafkin.

"Ngo, sannu da sanyi. Ke kika fara ganinsa?"

"Ni ne, ɗana. Na zo neman fartanya na, na bar shi a nan ranan Asabar. Fartanya ban gani ba, sai mutum."

"Kin san shi?"

"Malamin sama ne, haka muna kiran shi. Ya ce wai akwai abu a sama yana ɗaukan hoton gonan mu. Na ce to ya gaya wa abin ya sauko ya taya mu cire ciyawa."

"Me yake nema a nan?"

"Tambaya dai. Yaushe kuna shuka, yaushe kuna tonawa. Sati da ya wuce ya ce, Ngo, yaushe Bayan Kunkuru yana fitowa?"

Gyang ya juya ya dubi tsakiyar tafkin. Bayan Kunkuru wani tudun tsakuwa ne da Turawa suka tara a tsakiyar ramin. A safiyar nan babu alamarsa, ruwa ne shimfiɗe baƙi ƙirin har ɗaya gaɓar.

"Me ya haɗa malamin jami'a da gonarku?"

"Kamfanin gida suna so su ƙwace. Sun ce wurin kango ne, ba mai noma. Kwamitin fili zai zauna ranan Alhamis. Sun ce jami'a ya rubuta takarda, hoton sama ya nuna babu shuka." Ta nuna kunyoyin dankali, kore shar har bakin hanya. "Wannan menene, ɗana? Kafet?"

Daga nan Gyang ya wuce gidan mamacin. Matarsa Suzana ta gama kuka, ta shiga wannan shirun da ya fi kuka muni.

"Madam, yaushe ya fita?"

"Jiya ƙarfe uku, bayan mun dawo coci. Ya rataya abin awon nan a wuya, mai kama da tsohuwar waya, ruwan ɗorawa."

"Da wannan igiyar?"

Ta dubi ledar, ta gyaɗa kai.

"Ya faɗi wurin wa za shi?"

"Ya ce, Suzi, zan ba mutum dama ya gyara kuskurensa da hannunsa kafin Alhamis. Na ce wane ne? Ya ce in ya gyara, ba sai kin san sunansa ba." Ta ɗago ido. "Da magariba na je ofishinku na kusa da mu. Suka ce in koma gida, wai maza haka suke."

Gyang bai ba ta haƙuri ba. Ya san haƙurin ɗan sanda ba ya shiga irin wannan kunnen.

Yana fita wayarsa ta yi ƙara. DPO ne, ɗaya daga cikin yaran da ya koya wa ɗaura bel.

"Baba Gyang, dawo, an gama. Shugaban sashen mamacin a jami'a ya bugo mini da kansa. Mai kula da ɗakin kwamfutarsu, wani Lukuman daga Rikkos, sun yi faɗa da mamacin ranar Juma'a. Na sa an ɗauko shi. Gobe sha biyu na rana zan nuna shi ga 'yan jarida."

"Ranka ya daɗe, da wace shaida?"

"Samari sun fara taruwa a unguwar mamacin. Ina so su ji an kama wani."

Gyang ya tsaya a tsakiyar yayyafi da waya a kunne. Ya san garin nan kamar tabon cinyarsa. In aka faɗa a rediyo cewa Lukuman na Rikkos ya kashe Datong, babu wanda zai jira kotu. Ko an wanke mutumin bayan shekara, ba gida zai koma ba, toka zai tarar.

"Ba ni zuwa gobe sha biyu," ya ce.

"Ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Farfesa Jeffrey, shugaban sashen nazarin taswira da hotunan tauraron ɗan adam, ya bar su zaune a benci minti arba'in kafin ya ce su shigo. Dogo ne mai furfura a gefen kai, takalminsa kamar ba a ƙasa yake taka shi ba.

"Babban rashi ne," ya ce. "Datong yarona ne. Ni na koyar da shi tun yana aji ɗaya, ni na ba shi kwas ɗin sarrafa hotuna da yake koyarwa. Ina fatan za ka iya bin bayanin aikinmu, sufeto. Wane mataki ka kai a karatu?"

"Matakin da ake kama mutane, ranka ya daɗe. Jiya da yamma kana ina?"

Farfesa ya yi murmushin da ake yi wa yaro. "Gida. Tun da na dawo coci ban fita ba."

"Ka san Lamba Tara?"

"A hoto. Ni na rubuta wa kwamitin filaye rahoto a kanta."

"Ka taɓa zuwa?"

"Me zan je yi? Daga nisan kilomita ɗari bakwai muke ganin ƙasa. Shiga laka aikin wasu ne."

"Shi mamacin aiki ya kai shi?"

"Ba aikin sashe ba. Ba a fitar da ko kebul daga nan sai da sa hannuna, ni na kafa dokar. Na'urorin GPS shida gare mu, masu nuna wa mutum daidai inda yake tsaye. Je ka duba, shida suna nan." Ya jefo makulli a kan tebur. "Makullin biyu ne, nawa da na Lukuman. Shi za ku matsa. Duk sashen nan an ji ihunsu ranar Juma'a."

A ɗakin kwamfuta Chima ya buɗe kabad. Shida cif, ruwan ɗorawa, a jere kamar 'yan fareti.

"Oga, gaskiya ya faɗa."

"Ka ƙirga, ba ka duba ba."

Biyar suna da koriyar igiya. Mai lamba huɗu ba ta da ita. An goge ta tas, amma a cikin tsagar murfin batir akwai ɗan layin jar laka, ko bushewa bai gama yi ba. Gyang ya sa ta a ledar da igiyar take.

Ɗakin babu kowa sai wata ɗaliba a can ƙurya, ta kifa kai a gaban kwamfuta. Sunanta Ummi, tana ajin ƙarshe.

"'Yata, ke ɗalibarsa ce?"

"Ni na jawo masa, Baba," ta ce.

"Zauna daidai ki gaya mini. A hankali, ni ba ɗan boko ba ne."

Ta share ido. "Tauraron ɗan adam yana ratsawa ta kanmu gab da ƙarfe sha ɗaya na safe, duk bayan 'yan kwanaki. Ba hoto irin na waya yake ɗauka ba. Haske yake aunawa kala-kala, har da wanda ido ba ya gani. Mu muke haɗa su a kwamfuta. In aka haɗa yadda Dakta ya koya mana, duk ganye mai rai sai ya fito ja, ruwa baƙi, ƙasar da babu shuka kuma fari-fari."

"Ganye ja. Allah ya kyauta wa boko. Ci gaba."

"Ya ba mu aiki, kowa ya zaɓi wuri ya sauko da hotonsa. Na zaɓi Lamba Tara, Agustan bara. Da ƙyar na samu rana ɗaya da girgije bai rufe komai ba. Nawa ya fito jawur, gonaki ko'ina. Dakta ya ba ni sifiri, don bai yi daidai da hoton da ke rahoton Farfesa ba, shi ma na Agustan bara. Bayan kwana biyu ya sake aikin da hannunsa, ya zo gaban aji ya ba ni haƙuri."

"Shi Farfesan fa?"

"Ya kira ni ofis. Ya ce na hautsina launukan, wai kowa yana iya sa ƙasa ta yi ja in bai iya aiki ba. Ya ce in na sake magana ba zan fita da 'yan ajinmu ba. Har na fara yarda ni ce na yi kuskure."

"Nuna mini duka biyun."

Ta buɗe nata a kwamfuta, ta ɗauko kwafin rahoton daga kan wata kanta ta shimfiɗa a gefe. Nata ja ne, da guntayen girgije. Na rahoton fari fat, ko ɗigon girgije babu, tafkin a tsakiya baƙi.

Gyang ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya ɗora ɗan yatsa a tsakiyar baƙin.

"Wannan farin tabon fa?"

"Ƙila datti ne a hoton, Baba."

"A naki akwai shi?"

"Babu."

"Ba datti ba ne. Bayan Kunkuru ke nan." Ya cire tabarau. "Ba ya leƙowa sai ruwa ya ja sosai, ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Lokacin an tone dankalin rani, ba a shuka na damina ba. Wata ɗaya tal a shekara gonakin nan suke zama tsirara. Wani ya ɗauki hoton Afrilu ya rubuta masa Agusta."

"Ka tabbata, Baba? Farfesa zai ce..."

"Ya ce abin da ya ga dama. Ina da shekara tara wana ya yi iyo zuwa tsakiyar tafkin nan a watan Agusta, yana zaton zai huta a kan tudun kamar yadda muke yi da bazara. Bai same shi ba. Kwana uku kafin ruwa ya dawo mana da shi. Ke ba ki yi kuskure ba, 'yata. Malaminki ma abin da ya je ya tabbatar ke nan."

Da la'asar ya sa aka fito da Lukuman daga sel. Mutum ne siriri mai shekara hamsin, leɓensa a fashe, wani ya riga ya yi masa tambaya da hannu.

"Malam Lukuman, ka ba Dakta na'ura?"

"Ban ba shi komai ba, yallaɓai. Duba rajista."

"Na duba. Faɗan me kuka yi ranar Juma'a?"

"Maganar share ɗaki ce."

"Dakta guda zai yi ihu a kan tsintsiya?" Gyang ya zazzage ledar a kan tebur. "Wannan igiyar daga wuyan gawa na ciro ta. Wannan na'urar daga kabad ɗinka. Gobe sha biyu za a faɗi sunanka da unguwarku a rediyo. 'Ya'yanka nawa a gidan?"

Lukuman ya dubi na'urar.

"Shida," ya ce. "Wallahi ni na ba shi. Ya nemi Farfesa ya sa hannu, ya ƙi. Ya zo wurina, na ce aikina zai tafi, shi ne muka yi ta ihu. Daga baya na ga mutumin nan shekara goma bai taɓa raina ni ba, har sunan 'yata ya zo Rikkos. Na ba shi, ban rubuta ba. Yau da safe na buɗe kabad na gan ta, na ɗauka shi ya dawo da ita."

"Da wane makulli?"

Lukuman ya sake duban na'urar. Sai ya miƙa hannu. "Ba ni ita in gani."

Ya danna, ba ta kama ba, batir ya mutu. Gyang ya fita zuwa kantar caji ofis, ya ɗauke rediyon kofur mai tsaro ana cikin sharhin ƙwallo, ya zare batir biyu ya dawo.

Na'urar ta kama. Lukuman ya yi ta danne-danne.

"An goge wuraren da Dakta ya auna. Duka." Sai ya tsaya cak. "Amma ba a goge sawu ba."

"Wane sawu?"

"Wannan sabuwar ƙira ce, yallaɓai. In ka danna maɓallin sau ɗaya, fuskarta kawai take yin duhu, ita tana nan tana rubuta duk inda aka kai ta, da lokaci. Sai ka danne ka riƙe kafin ta mutu. Duk ɗalibin da ya taɓa fita daji da ita ya san haka."

"Wa bai sani ba?"

Lukuman ya juyo masa fuskar na'urar.

Kafin magariba Gyang da Chima sun bi layin da ke kan na'urar da mota, kwana bayan kwana, har ya kai su wata baƙar ƙofa a Rayfield. Ba su ƙwanƙwasa ba. Maigadin maƙwabta ya ce jiya wajen biyar ya ga mai gidan da kansa yana wanke ƙafar wandonsa a famfon waje, abin da bai taɓa gani ba.

DPO ya ji bayanin yana murza goshi.

"Baba Gyang, farfesa ne fa. Ya san mutane."

"Ni ma na san mutane, ranka ya daɗe. Yawancinsu suna maƙabarta."

Ranar Talata ƙarfe goma, Farfesa Jeffrey ya shiga ɗakin kwamfuta ya karɓi ajin marigayin. Ya sa ɗalibai sun yi shiru na minti ɗaya. Sannan ya fara.

"Abu na farko da za ku riƙe, hoton tauraro ba ya ƙarya. Mutum ne..."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Gyang daga bakin ƙofa. Chima yana bayansa da Lukuman, har yanzu da ankwa a hannu. "Mun zo ɗaukar darasi. 'Yata Ummi, haska mana a bango."

"Sufeto, wannan aji ne, ba tasha ba."

"Ba zan daɗe ba. Ni da aji ba ma jimawa tare."

Ummi ta kunna majigi. Hoton rahoton ya fito a bango.

"Farfesa, wane wata ne wannan?"

"An rubuta a ƙasa, in kana iya karantawa."

"Agusta. Wannan farin da ke tsakiyar ruwa fa?"

"Hayaniyar na'ura ce. Ba za ka gane ba."

"Hayaniyar nan na shanya wandona a kanta. Tudu ne, kuma ba ya fitowa sai Afrilu. Jiya na tsaya a bakin tafkin, babu shi. Mata arba'in za su rantse a kan haka ranar Alhamis."

Ɗalibai suka fara duban juna. Farfesa ya gyara wuyan riga.

"Ko da an samu kuskuren kwanan wata, wannan maganar masana ce. Ba ta shafi mutuwar kowa ba."

"To mu koma wadda ta shafa. Ka ce ba ka taɓa zuwa Lamba Tara ba?"

"Na faɗa."

"Ranar Lahadi ba ka fita ba?"

"Sau nawa zan maimaita?"

"Malam Lukuman, bismilla."

Da hannu a ɗaure Lukuman ya jona na'ura mai lamba huɗu da kwamfuta. Hoton garin Jos daga sama ya cika bango, wani shuɗin layi ya kwanta a kansa.

"Uku da rabi, ga ta a bakin tafki," in ji Lukuman. "Tana zagaya gaɓa a hankali, tafiyar ƙafa. Huɗu da minti goma ta tsaya wuri ɗaya. Huɗu da ashirin da biyar ta tashi da sauri zuwa hanya. Daga nan gudun mota."

Layin ya bi titi, ya shiga Rayfield, ya karya dama, ya tsaya a kan wani jan rufi mai tankin ruwa biyu.

"A nan ta kwana," in ji Lukuman. "Shida da rabi na safiyar Litinin ta taso, bakwai saura ta iso ƙofar ginin nan."

"Gidan wa ke nan?" Gyang ya tambayi ajin.

Ɗalibai suka juya suka dubi Farfesa. Ba sai an faɗa ba. Rabinsu sun taɓa kai aikinsu gidan.

"Na kashe ta," in ji Farfesa a hankali, kamar da kansa yake magana. "Na danna, ta yi duhu."

"Yaushe rabonka da fita daji da na'ura, ranka ya daɗe?"

Farfesa ya nemi kujera ya zauna. "Shekara sha tara."

"Shi ya kira ka?"

"Ya ce in zo in gani da idona. Ya ce in janye rahoton da kaina, babu wanda zai ji. Ni! Yaron da na koya wa riƙe linzamin kwamfuta zai tsayar da ni a laka yana yi mini darasi, yana ce mini Baba, yana tausaya mini." Ya dubi shuɗin layin da ke bango. "Kamfanin sun yi mini alkawarin gida a bakin ruwan. Shekara talatin ina koyarwa, gidan da nake ciki na jami'a ne. Na ce ya bari Alhamis ta wuce. Ya ce ba zai iya shiga aji ya kalli yaran nan ba. Ya juya baya yana duba na'urar. Akwai fartanya a wurin."

"Tana ina?"

"A ruwa, da wayarsa."

"Me ya hana ka jefa na'urar?"

"Da an ga biyar a kabad, sai a tambayi me ya je aunawa."

"Sai ka ba mu Lukuman."

Farfesa bai ko dubi inda Lukuman yake ba. "Wani za ku kama ai," ya ce.

Gyang ya karɓi makulli a hannun Chima, ya kwance ankwar daga hannun Lukuman, ya maƙala ta a na Farfesa tun ƙarfen bai huce ba.

A baranda magatakardar jami'a ya tare su, yana ta goge zufa a cikin sanyin nan. Abin da ya dame shi kada 'yan jarida su ambaci sunan makarantar. Lukuman ya matso ya ciro wata takarda daga aljihu, ta dakatarwa daga aiki, Farfesa ya sa mata hannu tun safiyar Litinin.

"Yallaɓai, wannan fa? Yanzu an janye?"

Magatakarda ya duba ta sama-sama. "Ai ka amsa da bakinka ka fitar da kayan sashe ba da izini ba. Sai kwamiti ya zauna."

"Kwas ɗinmu fa, yallaɓai?" in ji Ummi. "Jarrabawa saura mako uku."

"Mutum biyu ne kaɗai suke iya koyar da shi. Sai baɗi, in an samu malami."

Gyang ya ji duka. Ya riga ya san a rahoton da za a kai hedikwata sunan DPO ne zai fito a sama, nasa kuwa in ya samu shiga, a layin direba ne.

A bakin matakala Farfesa ya tsaya.

"Sufeto, ka rufa mini hannun da kwat ɗina. Mu bi ta baya."

"Lukuman ta gaba aka fitar da shi jiya, yana cin burodi. Muje."

Suka ratsa tsakar makarantar, ɗalibai sun yi layi a baranda suna kallo. Takalmin Farfesa yana nutsewa a jar laka, yana cirowa da ƙyar. Da suka kai tsakiyar fili Gyang ya dubi agogonsa.

"Sha ɗaya saura. Ɗaga kai, Farfesa, yanzu abin naku yake wucewa."

Farfesa ya ɗaga kai kafin ya tuna kada ya ɗaga. Babu abin gani. Girgije ya rufe sama ruf tun daga Rayfield har Laranto, yadda yake yi a watan Agusta.

Gyang ya dafa masa ƙeya, ya tura shi cikin mota, ya rufe ƙofa.